Ciwon ƙirjin Alhaji da farar ƙwayar homiyofati: nazarin lamari daga Aboabo, Kumasi

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar goro ne, mazaunin Aboabo a Kumasi, shekarunsa 58. Zan kira shi Alhaji kawai, yadda kowa ke kiransa a unguwa. Shi da iyalinsa sun yarda a rubuta abin da ya faru da shi muddin ba a ambaci suna ba. Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen zangon nan, kuma na bi lamarin tun kafin ya yi tsanani har zuwa yau.

Alhaji ya kusa shekara goma yana fama da hawan jini, daga baya ciwon sukari ya biyo. Ya sha taba a ƙuruciya, lokacin da yake bin manyan motoci da kayan goro zuwa Legas da Kano, ya bar ta bayan ya dawo daga aikin Hajji. Mahaifinsa yana da shekara hamsin da 'yan kai ya faɗi a ƙofar gida, kafin a ɗaga shi rai ya yi halinsa, kuma har yau a gidan ana cewa iska ce ta buge shi. Cimarsa irin tamu ce: koko da ƙosai da safe, a zuba sukari son rai, wake da shinkafa da taliya da soyayyen nama da rana, tuwo da dare, sannan tsire da shayi mai madara in an zauna hira. Ga tumbi, ga zaman rumfa daga safe zuwa la'asar.

Yadda ciwon ya fara

Kumasi gari ne mai tudu da gangare, kuma a kan tudu ciwon ya fara nuna kansa. In ya taso daga kasuwa da ƙafa ya kama hawa, sai ya ji wani nauyi ya danne tsakiyar ƙirjinsa. Da na tambaye shi inda yake jin abin bai nuna da yatsa ba, dunƙule hannu ya yi ya ɗora a kan ƙashin ƙirji. Nauyin kan gangaro hannun hagu, wani lokaci ya hau muƙamuƙi har ya yi zaton haƙori ne. In ya tsaya ya yi kamar yana gaisawa da wani, cikin minti uku zuwa biyar sai ya sake shi. Ya fi zuwa in ya ci ya ƙoshi, ko in ya yi sauri zuwa sallar asuba cikin sanyin hunturu, ko ransa ya ɓaci a kan bashi. Wata da watanni yana cewa olsa ce. Ya sha kanwa, ya sha farin maganin nan na ƙwannafi daga kemis.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Zuciya tsoka ce, kuma duk jinin da take turawa ba shi take ci ba, tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a jikinta ta waje suna shayar da ita. Hawan jini da sukari da taba da yawan kolestirol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, suna raunata bangon waɗannan jijiyoyi, kitse ya riƙa taruwa a cikin bangon shekara da shekaru har hanyar ta ƙuntata. Duk wanda ya zauna a Aboabo ya san kwatar da yashi ya cike: tana ɗaukar ruwan wanke-wanke lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi a gane ta toshe. Haka jijiyar da ta ƙuntata take isar da jini in mutum yana zaune, ta gaza in ya hau tudu. Galibi sai toshewar ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari kafin mutum ya fara jin ciwo a kan aiki. Wani likitan Ingila, William Heberden, ya siffanta wannan ciwo tun 1768, kuma likitoci na kiransa anjaina. Babban haɗarin kuwa ba ƙuntatar ba ce kaɗai. Tarin kitsen nan na iya fashewa rana ɗaya, jini ya daskare a kansa ya rufe hanyar gaba ɗaya, tsokar da ke bayan wurin ta fara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, wajen kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen duniya a shekarar.

Da 'yarsa ta matsa, ya je wani asibiti. Likitan ya gane ciwon, aka yi masa gwajin zanen bugun zuciya da na jini, aka rubuta masa magani daidai da ƙa'ida: asfirin ƙarami na miligiram 75 don hana jini daskarewa, atorvastatin don kolestirol, bisoprolol don rage wa zuciya gudu, wani maganin naitiret mai dogon aiki don buɗe jijiyoyi, da ƙwayar naitirogilisarin ta ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, ban da na hawan jini da na sukari da yake sha dama. Babu abin da zan soka a takardar maganin. Abin da ya rasa shi ne bayani. Layi ya yi tsawo, ganin likitan bai wuce 'yan mintoci ba, rabi da Turanci rabi da Tuwi. Tambaya ɗaya Alhaji ya samu ya yi: har yaushe zai sha? Aka ce iya rayuwa. Ya fito da leda cike da magani da wannan kalma a ransa.

Sati biyu bai cika ba ciwon kai ya sa shi gaba, irin mai sara a goshi. Naitiret ne ke kawo shi, kuma galibi yakan lafa da kansa bayan 'yan kwanaki, amma ba wanda ya gaya masa. Ga kasala. Ga wata matsala ta ɗaki wadda dattijo irinsa ba zai faɗa wa likita a gaban 'yarsa ba, sai bayan komai ya wuce ya faɗa mini a keɓe.

Wurin mai homiyofati

Wani abokin cinikinsa ne ya kai shi wurin mai homiyofati, wata hanyar magani daban da ta asibiti wadda zan yi bayaninta a gaba. Wuri ne mai tsabta, da mai karɓar baƙi, da mutum cikin farar riga ana ce masa dokta. Abin da Alhaji ya fi tunawa har yau shi ne mutumin ya zauna da shi kusan awa guda. Ya tambaye shi ta wane gefe yake kwanciya, me yake mafarki, gishiri ya fi so ko zaƙi, yana tsoron mutuwa in ciwon ya zo, yaya rasuwar mahaifinsa ta taɓa shi. Alhaji ya ce tun da yake zuwa asibiti ba a taɓa tambayarsa mahaifinsa ba. An kuma ba shi wani ƙarfe ya riƙe, an jona da kwamfuta, ta fitar da hotunan gaɓoɓi masu launi. Wannan na'ura ba ta cikin asalin homiyofati, kuma ba ta iya ganin jijiyar zuciya ko kaɗan, amma ta yi masa kwarjini.

Ya dawo da kwalabe uku. Biyu na ɗauke da fararen ƙwayoyi ƙanana masu zaƙi, an rubuta Cactus grandiflorus 30C a ɗaya, Glonoinum 30C a ɗayar. Ta uku ruwa ce mai ɗigo, Crataegus. Waɗannan sanannu ne a littattafan masu wannan hanya. Cactus suke ba wanda ya ce ƙirjinsa na matsewa. Akwai Latrodectus, daga dafin wani gizo-gizo, ga wanda ciwon ke sauka hannun hagu, akwai Naja daga dafin gamsheƙa, akwai Spigelia. An ce masa ya bar kofi da goro, ya rage mai, ya daina wahalar da kansa.

A kan maganin asibiti kuwa labari ya rabu biyu. Alhaji ya ce an gaya masa sinadarai ne masu danne ciwo, ya ajiye su. 'Yarsa, wadda ta raka shi zuwa na biyu, ta ce abin da ta ji shi ne "in jiki ya karɓa za mu riƙa ragewa a hankali." Ko wanne ne, mutumin ya san yana gaban mai ciwon jijiyar zuciya da sukari da hawan jini, kuma bai ce masa kada ka kuskura ka bar asfirin da atorvastatin ba. Cikin wata guda Alhaji ya ajiye komai sai na sukari. Bisoprolol ma rana ɗaya ya yanke shi, alhali irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, domin zuciya na iya zabura ciwon ya dawo da ƙarfi.

Mene ne a cikin kwalbar

A zango mutane da yawa na ɗaukar homiyofati a matsayin maganin gargajiya na Turawa, wato ganye da saiwa da aka zuba a kwalba. Alhaji ma haka ya ɗauka. Ba haka ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. Ganye yana da sinadari a cikinsa, mai iya amfani, mai iya cutarwa, ana iya auna shi. Shi ya sa ake da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong-Akuapem tun 1975, wadda Dokta Oku Ampofo ya assasa, kuma jami'ar KNUST a nan Kumasi ke koyar da digirin maganin ganye tun 2001. Homiyofati wata hanya ce daban.

Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya kafa ta, ya bayyana tushenta a 1796. Ra'ayinsa shi ne abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamu, shi zai warkar da mara lafiya mai irin waɗannan alamu. Da yake yawancin abubuwan guba ne, sai ya riƙa tsarma su, har ya kai ga cewa ƙarin tsarmawa da girgizawa ƙarin ƙarfi ne. Harafin C da ke jikin kwalbar Alhaji na nufin ɗari: a ɗauki ɗigo ɗaya na asalin abin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasar haɗa magani, a girgiza, shi ne 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a sake zubawa cikin 99, shi ne 2C. A yi haka sau talatin, shi ne 30C. Lissafinsa kashi ɗaya ne cikin lambar da ke da 1 da sifili 60 a bayanta. Masana kimiyyar sinadarai sun san iyakar yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin kowane ma'auni na abu, kuma bisa wannan lissafi, da an wuce wajen 12C da wuya a samu ko ƙwaya ɗaya ta asalin abin a cikin ruwan. Ruwan nan ake ɗiga wa ƙwayoyin sukari a bar su su bushe. Abin da Alhaji ke sa wa a baki sau uku a rana sukari ne.

Ba na zargin Hahnemann da yaudara. Ya rasu a 1843, kafin a iya wannan ƙidaya, kuma likitancin zamaninsa na zubar da jini ne da ɗura wa mutane zaiba. Wanda aka ba sukari aka bar jikinsa ya huta sau da yawa ya fi wanda aka yi wa wancan aika-aika samun sauƙi. Amma abin da ya zama uzuri a wancan ƙarni ba zai zama uzuri ga mai farar riga a Kumasi yau ba.

Kwalbar Glonoinum ita ta fi tsaya mini a rai, domin naitirogilisarin ce, wato abu ɗaya da ƙwayar ƙarƙashin harshen da asibiti ya ba shi ya jefa a durowa. Ascanio Sobrero ya haɗa sinadarin a birnin Turin na Italiya a 1847, ya lura cewa ɗan kaɗan a harshe na kawo matsanancin ciwon kai. Wani mai homiyofati a Amurka, Constantine Hering, ya ɗauke shi a 1849 ya mai da shi maganin ciwon kai bisa ƙa'idarsu. Sai a 1879 William Murrell a Landan ya wallafa yadda yake kwantar da ciwon ƙirji in an ba da shi a ma'aunin da jiki zai ji. Yana saki jijiyoyin jini, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, aikinta ya yi sauƙi, cikin minti ɗaya zuwa uku ciwon ya lafa. Ƙwayar asibiti na ɗauke da wajen rabin miligiram. Ta 30C ba ta ɗauke da komai. Alhaji ya ajiye maganin na gaske, ya riƙe sunan maganin kawai. Ruwan Crataegus shi ne kaɗai mai ɗan abin itace a ciki, kuma babu hujjar cewa yana hana jijiya toshewa.

Watanni ukun da ya ji sauƙi

Nan ne lamarin ya fi wuyar bayani ga iyali, domin Alhaji ya ji sauƙi da gaske. Ba ƙarya yake yi ba. Ciwon kai ya tafi, kasala ta ragu, ciwon ƙirjin ma ya ja baya. Ya riƙa yi wa abokai talla.

Kowane ɗaya yana da dalilinsa. Ciwon kai ya tafi ne don ya bar naitiret. Ciwon ƙirji ya ragu don ya daina abin da ke tayar da shi: an ce ya huta, sai ɗansa ya karɓi zirga-zirgar kasuwa, shi kuma duk inda za shi sai a pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ko tudu ɗaya bai ƙara hawa ba. Hunturu ya wuce. Ya rage cin dare. Tsoro ya sauka daga zuciyarsa saboda wani ya saurare shi ya ce zai warke, kuma tsoro da kansa yana ƙara wa zuciya gudu. Sannan wannan ciwo na daga cikin waɗanda imani da magani ke rage jin su ƙwarai. A shekarun 1950 an yi yayin wata tiyata ta ɗaure wata jijiya a ƙirji don maganin anjaina, marasa lafiya suna ta yabo. A 1959 Leonard Cobb da abokan aikinsa a Seattle suka gwada ta a kan mutum 17: wasu aka ɗaure musu jijiyar, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke ba su sani ba. Duka ɓangarorin biyu suka ce sun ji sauƙi kusan daidai wa daida. Aka watsar da tiyatar. In tsaga fata na iya sa mai ciwon ƙirji ya ji ya warke, farar ƙwaya da awa guda ta saurare ma za su iya. Sai dai kitsen da ke bangon jijiya yana nan inda yake.

A cikin watannin nan na auna shi a harabar masallaci bayan Juma'a, inda mukan ajiye tebur muna duba jama'a. Jininsa 172 bisa 100, bugun zuciya sama da 90. Na ja shi gefe.

"Baba, kuna shan maganinku kuwa?"

"Na samu wanda ya fi shi, ɗana. Wata biyu ke nan ban ji komai ba."

"Baba, jin ciwo daban, abin da ke cikin jijiya daban. Asfirin da na kolestirol ba don ciwo aka ba ku ba, don kada jini ya daskare ne. Ko kun ci gaba da farar ƙwayar, don Allah ku koma kansu."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Jikina ne, ni nake kwana a cikinsa. Allah Ya yi maka albarka."

Na je gidansa na sami matarsa Hajiya da 'yar, na faɗa musu alamun da in sun gani kada su jira gari ya waye, na bar musu lambata.

Da za a ɗora hanyoyin biyu a kan sikeli, ga abin da ke kowane gefe. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta bi binciken da aka yi a kan homiyofati ta ce babu wata cuta ko ɗaya da ke da ingantacciyar hujjar cewa tana maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar a daina rubuta ta a 2017, Faransa ta daina biyan kuɗinta daga inshora a farkon 2021. A ɗaya gefen, gwajin da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya a kan mutum 4,444 masu ciwon jijiyar zuciya, aka wallafa a 1994, ya nuna maganin kolestirol na simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin ɗari. Dangin wannan magani ne Alhaji ya ajiye.

Daren

Kwana kamar bakwai kafin abin, ciwon ya sauya hali. Ya zo masa yana alwala. Ya zo yana zaune a rumfa. Ya tashe shi daga barci. A wurinmu wannan ƙararrawa ce: ciwon da ke zuwa ba tare da aiki ba, ko ya ƙara yawa, ko ya ƙara daɗewa, alama ce tarin kitsen ya tsage, kuma asibiti ake zuwa a ranar. Alhaji ya buga wa mai homiyofati waya. Amsar da ya samu ita ce wannan alama ce mai kyau, magani ya fara fito da cutar, ya ƙara yawan shan ƙwayar. Ba mutumin ya ƙirƙiro wannan magana ba, tana cikin koyarwarsu cewa ciwo kan ɗan tsananta kafin ya warke. A ganina duk cikin lamarin babu abin da ya kai wannan muni. Ƙwayar sukari ba ta cutar da kowa. Koyarwar da ke fassara alamar haɗari a matsayin alamar waraka ita ta cinye masa sati guda da za a iya tare abin a cikinsa.

Bayan sallar isha'i ciwon ya zo bai tafi ba. Zufa ta jiƙa rigarsa, ya yi amai, ya ce numfashi ba ya isarsa. Hajiya na sa masa Glonoinum a baki duk bayan minti goma sha biyar kamar yadda aka ce. Aka shafa man zafi, aka kawo ruwan Zamzam, aka yi tofi. Addu'a ba ta hana kowa shiga mota ba, kuma malaman unguwarmu da kansu suna faɗin haka, amma Alhaji ya ce a bari gari ya waye, kada a tayar da maƙwabta. Sai wajen kiran sallar farko 'yar ta saɓa masa ta kira ni. Na tambaya ko asfirin na yi masa illa ko ya taɓa aman jini, ta ce a'a. Na ce ta ba shi miligiram 300 ya tauna, huɗu daga cikin ƙananan nan da ke durowa, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, a kira 112 ko a tsayar da duk motar da ta fara samuwa. Tasin maƙwabci ce ta kai shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee.

Gwajin zanen bugun zuciya ya nuna babbar jijiyar gaba ta toshe. Gwajin jini na turofonin, sinadarin da ke fita in tsokar zuciya ta lalace, ya hau sosai. Likitoci suka yi abin da ya dace, suka tsayar da shi da rai. Amma tsokar zuciya na fara mutuwa ne cikin minti 20 zuwa 30 da yankewar jini, kuma amfanin buɗe jijiya ya fi yawa a sa'o'in farko, yana raguwa har zuwa awa 12. Alhaji ya iso bayan wajen awa tara. Ko asfirin ɗin da ya tauna da asuba, da tun isha'i ya tauna shi. Wani babban gwaji na 1988 a kan mutum sama da 17,000 ya nuna asfirin kaɗai na rage mutuwa daga irin wannan toshewa da wajen kashi 23 cikin ɗari.

Bayan an sallame shi

Hoton zuciya ya nuna bangon gaba ba ya motsi yadda ya kamata. Lafiyayyar zuciya na tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tasa ta koma wajen kashi 35. Aka tura shi Cibiyar Zuciya ta Ƙasa da ke Korle Bu a Accra, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. A can aka zura siririn bututu ta jijiyar hannu aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar, aka sa ƙaramar ragar ƙarfe a wurin da ya toshe. Irin wannan hoto da aikin zuciya suna cikin abubuwan da katin inshorar lafiya na ƙasa ya ware tun farko bai ɗauka ba, don haka 'yan'uwa da abokan kasuwa suka yi karo-karo, aka sayar da wani fili. Magungunan da ya ajiye kuwa kuɗinsu na wata bai kai abin da yake biya wurin mai farar ƙwaya ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Lafiyar Jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana tallata wa jama'a magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka, ciki har da ciwon zuciya da hawan jini da sukari, kuma akwai majalisar da dokar 2000 ta kafa don kula da masu maganin gargajiya. Na ba iyalin shawara su kai ƙorafi. Alhaji ya ƙi. Ya ce mutumin bai nufe shi da sharri ba, kuma shi kaɗai ne ya taɓa zama ya saurare shi. Ban yarda da shawararsa ba, domin akwai wasu a kan wancan benci yanzu haka. Amma rabin maganarsa na biyu gaskiya ce, kuma mu ma'aikatan asibiti ta shafa. Da ranar farko wani ya ɗauki minti goma ya gaya masa da Hausa cewa ciwon kan nan na kwanaki ne, cewa wannan ƙwayar ta jin sauƙi ce wancan kuma ta tsare rai ce, cewa in wani abu ya dame shi a ɗaki akwai canji, da wuya ya nemi wata ƙofa.

Abin da aka yi a karo na biyu ke nan. Muka zauna da shi da Hajiya da 'yar, aka baje magungunan a kan tabarma, kowanne aka faɗi aikinsa aka rubuta a jikin kwalin da ajami, don shi ya fi karantawa. Likita ya ƙara wani maganin hana daskarewar jini saboda ragar da aka sa, ya ja kunne cewa barin sa ko na 'yan kwanaki na iya toshe ta. Aka koya masa ƙwayar ƙarƙashin harshe: ya zauna kafin ya sa, in minti biyar ta wuce ciwon bai tafi ba ya ƙara ɗaya a nemi mota nan take. Na keɓe da shi na gaya masa kada ya kusanci maganin ƙarfin maza irin su sildenafil, har da na kwalba da ake sayarwa a tasha waɗanda ba a san abin da aka zuba musu ba, domin haɗuwarsu da naitiret na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Ya tambayi likitan zuciya ko zai iya ci gaba da farar ƙwayar. Likitan ya ce 30C ba za ta yi karo da komai ba, sharaɗi ɗaya ne, kada ta maye gurbin ko ƙwaya ɗaya, kuma duk ranar da ciwo ya sauya asibiti za a kira. Ni da zai bi tawa da ya bar kuɗinsa a aljihu. Ya ci gaba na ɗan lokaci, da kwalbar ta ƙare bai sake saya ba.

Yanzu yana zuwa rumfa rabin yini. Da matashi biyu yake kwana, in ya yi sujada mai tsawo numfashi kan tsaya masa, wasu sallolin a zaune yake yi. Magungunansa sun fi na da yawa, har da na fitar da ruwa daga jiki. Hoton Korle Bu ya nuna akwai jijiya ta biyu da ta ƙuntata, likitoci suka zaɓi a bi ta da magani a riƙa dubawa. Abin da ke gabansa yanzu maganar azumi ce: yana so ya yi, 'yarsa ba ta so, kuma an tsayar cewa zai kai tambayar wurin likitan zuciya a ganinsu na gaba, sannan ya kai amsar likitan wurin malaminsa.